Gashin Sahura Mai Kitso

To, ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Labari zan ba ku, amma akwai aiki a bayansa. In na kai ƙarshe shari'a za ku yanke, kuma ba mai tashi sai ya faɗi abin da ya gani.

A wani gari da ke kan hanyar Zariya an yi wata mai kitso, sunanta Sahura, matar wani kafinta da ake kira Haladu. Allah ya ba matar nan hannu. In ta zauna kan 'yar kujerarta a rumfar tsakar gida, ta ɗauki kibiya ta tsaga kai, sai ka rantse da zare aka auna. Shuku, kalaba, doka irin ta tsofaffi, ba wanda ba ta iya ba, kuma amare har daga ƙauyuka ake kawo mata. Kanta ma talla ne, domin gashi gare ta baƙi wuluk, mai cika, in ta tsefe shi sai ya rufe mata kafaɗu.

Wata safiya tana taje kai, sai yatsanta ya faɗa kan wani wuri sumul a ƙeya, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba amosani. Ta ce a ranta ko kitson da ya gabata ne ya yi tsauri, ta ja gashin gefe ta rufe. Kafin wata ya zagayo wurin ya yi ƙane, ƙanen ya yi ƙane. Ta shafa man shanu, ta shafa man kaɗanya, ta sha jiƙe-jiƙe, gashi sai bin mataji yake yi. Har girarta ta fara sirancewa. Ta koma ɗaura ɗankwali biyu, ko barci ba ta cirewa.

Ranar da asiri ya tonu, tana tsakiyar yi wa wata amarya kitso ne. Ta sunkuya ɗaukar kibiya, ɗaurin ya zame. Ƙawayen amarya suka kalli kan, suka kalli juna. Amarya ta ce kanta na ciwo, a bar sauran sai gobe. Goben da ba ta zo ba ke nan.

Kun san gari. Wasu suka ce makero ne, wasu suka ce sammu aka yi mata saboda kasuwarta, wasu suka ce aljani ne ya aske ta. Wadda ta fi yi mata illa ita ce maganar da aka yaɗa cewa cutar tana bin kibiya, duk wadda Sahura ta taɓa wa kai nata ma zai zube. Rumfar da a da sai an yi layi ta koma wurin kwanan kaji. Sahura ta shige ɗaki ta ja labule. Ga wani sanyi da take ji ko ana rana tsaka, ga kasala, ga barcin da ba ya ƙosar da ita, duk ta ɗauka baƙin ciki ne. Haladu ya yi rarrashi har ya gaji, ya kawo rubutu, ya kawo addu'a, ya rasa ta inda zai ɓullo.

Ana cewa wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ranar wata kasuwa Sahura ta jiyo lasifikar wani mai magani yana rantsuwa cewa ko a tafin hannu aka shafa nasa sai gashi ya tsiro. Ta zurma hijabi har ƙasa, ta je ta karɓo kwalba guda. Ya ce mata ƙofofin gashin ne suka toshe, sai an ƙone dattin, kuma in ta ji zafi kada ta wanke, zafin shi ne aikin. Ta dawo gida, ta dangwala da auduga ta fara gwadawa a bayan kunne. Wurin ya ɗauki raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Ta cije bakin zaninta, hawaye na zuba, ta tsiyayi mai yawa a murfin kwano don ta bi kan gaba ɗaya, a yi ta ta ƙare.

A daidai nan yayarta Suwaiba ta ɗaga labule. Suwaiba a wani ƙauye take aure, sana'arta yin sabulu. An yi suna a dangi ba ta ga ƙanwarta ba, hankalinta ya ƙi kwanciya, ta hau mota ta taho ba tare da ta sanar ba. Ko sallamarta ba ta ƙarasa ba warin ya daki hancinta, warin da take shaƙa kullum a bakin tukunyarta.

“Ke! Sodar sabulu ce wannan!”

Ta kai hannu ta kaɓe murfin, ruwan ya watsu a bayan hannunta ita ma. Ba ta ko dubi nata hannun ba. Ta finciki Sahura zuwa bakin randa, ta danna kanta ƙasa, ta yi ta kwarara ruwa, randa ta ƙare ta koma rijiya. Sahura tana fizge-fizge tana kuka.

“Yaya, ki sake ni! Ke naki gashin yana kanki, me kika sani? Ba ki son in warke ne?”

“Ki zage ni gobe,” in ji Suwaiba, “yau dai sai na wanke.”

Ta haƙa rami ta binne kwalbar. Ta bar tukunyarta da masu sayen sabulunta ta zauna jinya, tana wanke ƙunar bayan kunnen da hannunta mai lafiya, ɗayan kuwa a naɗe, don ya saluɓe har farin nama ya fito. Kwana da kwanaki Sahura ba ta yi mata magana, ita kuwa ba ta tafi ba sai da ciwon ya kame. Wannan ita ce ta farko cikin mata ukun da za ku yi wa shari'a.

Ta biyu sunanta Barira, aminiyar Sahura tun suna 'yan mata. Atamfa take sarowa daga birni tana bi gida-gida, mace ce mai baki, wadda ba ta jin kunyar tambaya. Ita kaɗai Sahura ta yarda ta buɗe wa kan bayan yayarta. Barira ta duba, ta juya shi hagu da dama, ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba. Ta ce kawai a bar ta ta ɗauki hoto a waya, ta yi alkawarin ba mutumin garin da zai gani.

Daga ranar duk inda sari ya kai ta da hoton take zuwa. Ta nuna wa mai kemis, ya ce a gwada man kaza. Ta nuna wa wata unguwarzoma da take sayar wa leshi, ta ce wannan ba fanninta ba ne, amma a gwada babban asibitin koyarwa. Barira ta je. Aka tura ta wannan ƙofa, aka ce ba nan ba ce, aka tura ta waccan, aka ce likita ya tashi. Ta koma gida, ta sake dawowa, ta bar ɗaurin atamfofinta a shagon wani, kasuwa tana wuce ta. Masu gadi har sun gane ta. Matambayi dai ba ya ɓata. A sashen masu ciwon fata ta tare wata nas a baranda, ta miƙa mata wayar. Nas ta duba ta ce, “Baiwar Allah, kin zo a kan gaɓa. Likitocinmu suna wani bincike a kan irin wannan zubewar gashin, masu ita ma suke nema.” Ta kai ta wurin shugaban binciken, wani dattijo mai suna Dakta Nuhu. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, ya ce a kawo ta.

Nan fa aka zo wurin da ya fi wuya, don Sahura cewa ta yi ba inda za ta.

“In je in buɗe wa namiji wannan kan? Kuma bincike kika ce, wato su mai da ni abin gwaji? Wancan ma gwajin ne ya ƙone ni.”

“Wancan a kasuwa yake da lasifika,” in ji Barira. “Wannan kuwa sai da na yi ta sintiri kafin na ga fuskarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙawata. Ki tashi.”

Ba ta tashi ba. Barira ta sami Haladu a wurin aikinsa, ta zayyana masa komai, ya ce in dai za a dace shi ko yau. Suka haɗu suka yi ta fama da ita. A ƙarshe Barira ta zo da sassafe ta shimfiɗa gyalenta a ƙofar ɗakin ta zauna, ta ce ita da gidanta sai in tare suka je suka dawo. Haka Sahura ta fito, tana jan ƙafa, Barira ta sa ta a mota ta zaunar da ita jikin taga, ta tare ta da jikinta kada wani ya ƙura mata ido.

Dakta Nuhu bai taɓa ɗankwalin ba sai da ya kira nas ta tsaya, ya ce Sahura ta cire da hannunta in ta shirya. Ya ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kan fatar, yana bi a hankali kamar mai duba shuka. Da ya ɗago sai ta ga yana murmushi.

“Malama Sahura, ba makero ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. Ko kwano ɗaya kuka ci, ko mataji ɗaya kuka yi amfani da shi, ba mai ɗauka. Kin san jiki yana da sojojinsa masu yaƙar cuta. To naki ne suka ruɗe, suka ɗauki saiwar gashinki abokiyar gaba, suka far mata. Amma ba su kashe ta ba. Ga ƙofofin nan ina gani, saiwar tana ciki, ta dai laɓe ne.”

Sahura ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Abin da ya fi daɗin ji ma ba zancen tsirowa ba ne, a'a, cewa hannunta bai taɓa cutar da kowa ba.

Da ya zo bayan kunne sai fuskarsa ta canja. Ya tambayi abin da ya sami wurin, ta faɗa masa tana sunkuyar da kai. Ya ce nan kam an gama, fatar ta zama tabo, ba maganin da zai fito da gashi inda saiwa ta ƙone. Ya ce da ta bi kan duka da abin nan, da ko shi ko wanda ya fi shi ba abin da za su iya.

Sannan ya yi mata wasu tambayoyi da ta ga ba su shafi kai ba. Tana jin sanyi? Tana yawan gajiya? Yaya zancen haihuwa? Ta ce tun ɗanta na fari, ciki biyu ta samu duka suka zube, daga nan shiru. Ya sa aka ɗebi jininta. Sakamako ya nuna cewa wani ɗan nama da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo, shi ma sojojin sun taɓa shi, aikinsa ya yi rauni. Likita ya ce sau da yawa cututtukan biyu tare suke tafiya, kuma raunin nan shi ke kawo sanyi da kasala, yana kuma iya hana ciki zama. Ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kowace safiya kafin ta ci komai.

Game da gashin kuwa bai ɓoye mata komai ba. Ya ce suna gwada hanyoyi biyu ne da aka riga aka sani, allura a fatar kai da kuma man shafawa, don su gane wacce ta fi karɓar matan ƙasar nan. Ya ce ba kowa ke dacewa ba, kuma in ba ta so, za a duba ta kamar kowa. Sahura ta dubi Barira, ta ce ta yarda. Allura ce ta faɗo mata, duk wata sai ta je an tsattsaka mata a kai, a ɗauki hoto, a auna. Wannan aikin ta biyu ke nan.

Sai dai magani ba ruwan sama ba ne da za a yi yau gobe ƙasa ta yi kore. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, kan Sahura yana nan kamar bayan ƙwarya. Ɗan gashin da ya rage a gaba ma ya ƙarasa zubewa. Allurar ga zafi, hanyar ga nisa. Suwaiba tana ƙauyensu, Barira kuma mahaifiyarta ta kwanta ciwo ta tafi jinya. Maganar likita cewa ba ya yaɗuwa ta tsaya a cikin gida, mutanen gari ba su ji ba, waɗanda suka ji ba su yarda ba. Ranar komawa asibiti ta zo, Sahura ta juya fuska bango ta ce ta gama. Ƙwayoyin ma ta tura su ƙarƙashin katifa.

Haladu yana da ƙanwa mai suna Lubabatu, ana ce mata Luba, malamar firamare. Ita da Sahura ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Luba ba ta iya tausasa magana ba, ko kitso ma wata unguwa take zuwa a yi mata, don kada a ce ta nemi alfarma. Ita ce ta shigo wata Asabar da hantsi, ta jawo 'yar kujerar nan da ta yi ƙura ta kakkaɓe, ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta cire ɗankwali ta zauna da kai a tsefe.

“Matar Yaya, kitso na zo.”

Daga cikin ɗaki Sahura ta ce, “Luba, in dariya kika zo yi, yi ki tafi.”

“Ni kin taɓa ganin ina dariya? Biki gare ni gobe. Ki fito da kibiyar nan da ake cewa tana da cuta, ita nake so.”

Sahura ta fito don ta kore ta, sai ta tsinci hannunta cikin gashin. Yatsun da suka daɗe ba su yi aiki ba suka tuna hanya da kansu. Ta zuba mata wani shuku mai ƙananan tsaga da ba ta taɓa yi wa kowa irinsa ba. Washegari a gidan biki, a tsakiyar mata, Luba ta zame gyale ta ce zafi take ji. Aka tambayi wadda ta yi mata, ta faɗa da ƙarfi. Wasu suka ja tabarmarsu baya. Uwar mijinta ta aiko mata da faɗa, ƙawayenta suka daina aron ɗankwalinta, ana jira a ga ranar da nata zai zube. Ta tsefe ta koma aka sake mata wani, ta kuma komawa.

Ita ce kuma ta ɗaga katifa ta ga ƙwayoyin. Ba ta yi wa'azi ba. Kullum kafin ta wuce makaranta sai ta biyo da kofin ruwa, ta tsaya ƙiƙam a kan Sahura sai ta haɗiye, in ta makara ta makara. Ranar allura ta nemi izini a wurin aiki ta kai ta da kanta. Sahura ta yi fushi, ta yi kuka, ta ce da ita mai baƙin naci, Luba ta ce ta ji, sai gobe. Dakta Nuhu ya gaya musu cewa abin da ya fi ba su wahala a binciken shi ne masu yanke ƙauna su daina zuwa ana dab da ganin haske.

Wata safiya Luba ta miƙa kofi, sai ta tsaya ta ƙura ido. Ta kama haɓar Sahura ta juya kanta wajen hasken ƙofa.

“Matar Yaya, kada ki motsa.”

Wani ɗan gashi ne fari, mai laushi kamar na ɗan tsako, ya yi toho a ƙeya, daidai inda abin ya fara. Sahura ta shafa, ta sake shafawa, sai ta zame ta yi sujada a nan tsakar ɗaki. Luba da ba a taɓa ganin hawayenta ba ta fita waje tana cewa hayaƙin murhu ne ya shiga idonta.

Farin ya yi ta yaɗuwa, sannan ya fara rinewa da kansa yana komawa baƙi. Sanyin nan ya tafi, kasala ta tafi, muryar Sahura ta dawo tsakar gida. Matan da suka zuba ido kan Luba ba su ga komai ba suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowacce da uzurinta, Sahura ba ta tuna wa kowa komai ba. Ta dai sauya abu guda: ta daina ɗaure kitso tamau, don likita ya nuna mata yadda jan yake cinye gashin goshi. In kuma ta ga tsaga ta faɗa kan wani wuri sumul a kan wata, sai ta raɗa mata a kunne, ta kwatanta mata ƙofar da za ta nufa. Likita ya ce abin yana iya waiwayowa wata rana, in ya zo kada ta tsorata, hanya ta riga ta buɗe.

Gashin bai kai kafaɗa ba tukuna Sahura ta fara jin warin miya yana tayar mata da zuciya. Wannan karon cikin ya zauna, likitoci suna lura da ita har ta sauka lafiya. Mace aka samu, ta zo da gashi cunkus a ka, har unguwarzoma tana dariya.

Ana gobe suna Haladu ya shigo ya zauna bakin gado. Ya ce, “Wahalar nan ke kika sha ta, sunan 'yar nan naki ne, ki zaɓa. Da namiji ne da ba gardama, Nuhu zan sa. To ga shi Allah ya kawo mace.”

Sahura ta dubi jaririyar, ta ji daɗin da take ciki ya haɗu da wani nauyi. Mata uku suka tsaya mata, yarinya kuwa suna ɗaya ake raɗa mata. Su ukun ba wadda ta nemi a sa sunanta. Suna ma can tsakar gida tare, ana dakan yajin jego. Dangi ne suka rabu uku.

Wasu suka ce Suwaiba. Da ba ta ɗaga labulen nan ba, da kan ya ƙone gaba ɗaya, Barira ta kai wa likita tabo, Luba ta yi naci a kan saiwar da ta mutu. Ita ta sha zagi, ita ce kuma har yau take yawo da shaida a bayan hannu.

Wasu suka ce Barira. Ba don ita ba, saiwar da aka tsirar a ɗaki za ta dawwama, ba wanda zai san sunan cutar. Ita ta bar kasuwarta ta bi ƙofa-ƙofa har ta samo masu binciken, kuma ba don gwajin jinin da aka yi a can ba, da ita kanta jaririyar da ake gardama a kanta ba ta zo duniya ba.

Wasu kuma suka ce Luba. Maganin da ke ƙarƙashin katifa bai taɓa warkar da kowa ba. Suwaiba jini ne ya ja ta, Barira amana ce ta ƙuruciya, ita kuwa ba abin da ya ɗaure ta, amma ta miƙa kanta a lokacin da gari duka ya janye nasa, ta dawo wa Sahura da lafiya da sana'a a tare.

Rago yana ɗaure, goro ya iso, liman yana jiran a raɗa masa suna da safe. Sahura ta rungume 'yarta tana jiyo dariyar matan nan uku daga bakin turmi, har yanzu ba ta zaɓi suna ba.

To, ga ku ga shari'a. Tsakanin wadda ta tsirar da saiwa, da wadda ta samo hanya, da wadda ta hana a tsaya a tsakiyarta, wace ce ta fi cancanta a yi wa takwara?